Launi a Kan Taswira: Wa Ya Zaɓe Shi, Kuma Me Yake Nufi?

Darasin da ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu ta liƙa muku a wannan karo ya fi na kullum tsawo. Wanda ƙararrawa ta katse masa karatu ya riƙe inda ya tsaya, ya dawo lokacin hutu. Takardun suna nan har mako mai zuwa in Allah ya yarda.

A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wadda aka fi sani da NiMet, takan fitar da hasashen damina: yaushe ake sa ran ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, kwana nawa damina za ta yi, milimita nawa za a samu, da wuraren da ake fargabar ruwa zai tsaya a tsakiyar damina. Yawancin wannan bayani a taswira yake zuwa, an shafe ƙasar da launuka. Kafin ka ce kwabo hoton ya shiga waya, ya zaga WhatsApp, ya iso Makoda. A gidaje da yawa kuma, wanda ake miƙa wa wayar a ce "kai da kake boko, duba mana me aka ce a kan yankinmu" ɗaya ne daga cikinmu. Idan muka ga kore muka ce wa Baba ruwa zai zo da wuri, aka je aka yi binne, alhali koren yana nufin wani abu daban, to irin geron da aka adana tun kaka ya tafi a banza. Kuma kowa ya san yadda iri yake tsada idan damina ta kawo kai.

Launin da ke kan taswira mutum ne ya zaɓe shi a gaban kwamfuta, kuma da ya ga dama da ya zaɓi wani. Ma'anarsa tana cikin ɗan akwatin nan da ke gefe, wanda za mu riƙa kira mabuɗin taswira. Za mu bi yadda ake yin zaɓen daki-daki, domin wanda ya san yadda ake ɗinka riga ya fi kowa saurin gane inda ɗinki ya karkace.

Kore ba kullum ne ciyawa ba

Ku buɗe littafin taswirori na darasin labarin ƙasa, ku nemo shafin da ke nuna tudu da kwari na Najeriya. Za ku ga gefen Tafkin Chadi kore shar, Filaton Jos kuma ruwan ƙasa. Wanda bai karanta mabuɗi ba zai rantse cewa Borno ta fi Jos ruwa da ciyawa. A wannan shafin kore yana nufin ƙasa mai kwari kawai, ruwan ƙasa kuma tudu. Tafkin Chadi bai kai mita 300 sama da teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,000. Ku juya zuwa shafin tsirrai, koren nan ɗaya ya koma yana nufin kurmi.

Hotunan tauraron ɗan adam sun fi haka rikitarwa. Tun daga Landsat na farko da Amurka ta harba a 1972, waɗannan na'urori suna ɗaukar wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, kuma ganye mai lafiya yana mayar da shi sosai. Tunda hasken ba shi da launin da muka sani, masana suka saba ba shi ja. Saboda haka a irin wannan hoto, idan aka ɗauki kudancin Kano da rani, gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ruwan Dam ɗin Tiga yake shayarwa, su ne za su fito jajur, busasshiyar ƙasar da ke kewaye da su kuma ta fito fari-fari. A nan ja albishir ne.

Ana cewa gani ya kori ji. A kan taswira dai sai an haɗa gani da karatu.

Wannan dabara ta shafe yankuna da launi bisa alƙaluma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1826 wani Bafaranshe mai suna Charles Dupin ya zana taswirar Faransa, ya shafe kowane lardi gwargwadon yawan yaran da ke zuwa makaranta: inda karatu ya yawaita ya bar shi da haske, inda ya yi ƙaranci ya duhunta shi. Ku lura da zaɓen da ya yi. Da wani ne, da duhu ya ba wa "yawa". Shi kuwa yana son mai kallo ya ji cewa jahilci duhu ne, sai ya juya tsarin.

Tsanin launi iri uku

Jerin launukan da ake ɗora wa alƙaluma daga ƙarami zuwa babba shi muke kira tsanin launi. Wata masaniyar taswira a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka, Cynthia Brewer, ta kasa su gida uku, kuma ta samar da ColorBrewer, wani ma'ajin launuka da yanzu ake samu a cikin manhajoji da yawa. Tambayar farko ga mai yin taswira ita ce: wane irin bayani ne a hannuna?

Idan abin yana hawa ne daga kaɗan zuwa da yawa, kamar milimitar ruwan sama ko buhunan dawa a kowace hekta, sai a ɗauki launi ɗaya a tafi da shi daga mai haske zuwa mai duhu. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a birni ya ga wannan tsani da idonsa. Ƙyallen da aka tsoma a baba sau ɗaya yakan fito shuɗi mai haske, wanda aka yi ta tsomawa ana shanyawa kuma ya fito kusan baƙi. Ka jera ƙyallaye biyar a gaban ƙaramin yaro ka ce ya nuna wanda ya fi shan baba, ba zai yi kuskure ba, kuma ba wanda ya koya masa. Ƙarfin wannan tsani ke nan: ido da kansa yana gane na gaba da na baya.

Iri na biyu shi ne inda bayanin yake da tsakiya mai ma'ana. Misali, ruwan bana idan aka gwada shi da abin da aka saba samu: wani wuri ya fi, wani ya gaza, wani daidai. A nan launi biyu ake buƙata, su haɗu a tsakiya a kan fari ko ruwan toka mai haske. Sai a ce shuɗi ga wanda ya fi, ruwan ƙasa ga wanda ya gaza, kowanne yana ƙara duhu yayin da yake nisa da tsakiya. (Mun ce "fari" muna nufin launi. A darasin ruwan sama dole mu yi hattara da kalmar nan, don kada wani ya karanta ta da ɗaya ma'anar ya tayar wa gidansu da hankali.) Kuskuren da aka fi yi da wannan tsani shi ne a bar manhaja ta sa farin a tsakiyar alƙaluman da aka ba ta maimakon a kan sifili. Idan duk wuraren sun gaza abin da aka saba, sai rabin taswirar ya fito shuɗi, mai kallo ya ɗauka an yi ruwa ke nan, alhali su ne kawai masu dama-dama a cikin waɗanda suka rasa.

Na uku ba tsani ba ne ma a gaskiya. Gonar gero, gonar dawa, gonar gyaɗa, fadama, makiyaya: babu wanda ya fi wani "yawa". Kowanne sai a ba shi launinsa daban, masu ƙarfi kusan ɗaya, kuma kada su wuce shida ko bakwai, domin daga nan ido ya fara ruɗewa.

Matsalar bakan gizo

Shekaru da yawa manhajojin kimiyya suna zuwa da tsanin bakan gizo a matsayin zaɓin farko: shuɗi, kore, rawaya, ruwan goro, ja. Yana da kyan gani, kuma mun san idan aka ba 'yan aji ɗaya fensir mai launi shi za su fara yi. A ganinmu shi ne mafi munin zaɓi ga taswirar ruwan sama, ga dalilanmu.

Tsakanin kore da rawaya wanne ne babba? Babu amsa sai an koma mabuɗi, a kowane kallo. Sannan rawaya ta fi sauran haske ƙwarai, ga ta a tsakiyar tsanin, sai ta ja ido zuwa ga alƙaluman da ba su da wani muhimmanci na musamman. Inda kore ya koma rawaya kuma sai a ga kamar an ja layi, kamar akwai wata iyaka a ƙasa, alhali ruwan a hankali yake raguwa daga Doguwa zuwa Dambatta ba tare da wani tsalle ba. Idan kuma aka kai taswirar shagon fotokwafi aka buga ta baƙi da fari, wanda shi ne abin da yawancinmu muke iya biya, shuɗi mai duhu da ja mai duhu duk sai su fito baƙi ɗaya. Wuri mafi ƙarancin ruwa da wuri mafi yawan ruwa sun zama abu guda.

Abin bai tsaya a kan taswira ba. A 2011 Michelle Borkin da abokan aikinta a Jami'ar Harvard sun gwada masu karatun likita da hotunan jijiyoyin zuciya, suka gano cewa an fi gane wuraren haɗari daidai idan aka bar bakan gizo aka yi amfani da tsani mai tsari. Manhajar MATLAB ta sauke bakan gizo daga matsayin zaɓin farko a 2014. A 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka gabatar da wani tsani mai suna viridis domin manhajar Matplotlib, kuma ya zama zaɓinta na farko a 2017. Yana farawa daga shunayya mai duhu, ya bi ta shuɗi da kore, ya ƙare a rawaya, haskensa yana ƙaruwa daidai wa daida a kowane mataki. Ko an buga shi baƙi da fari jerinsa ba ya rushewa.

Akwai kuma 'yan uwanmu da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai. Gado ne, kuma ya fi kama maza. A tsakanin Turawan arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mace ɗaya cikin 200. A Afirka bai kai haka yawa ba, amma akwai shi, kuma mai shi yakan girma bai sani ba. John Dalton, wanda muke karanta ka'idarsa ta ƙwayar zarra a darasin kimiyyar sinadarai, yana da wannan lalura, har ya gabatar da bayani a kanta a 1794. Taswirar da ta ce "kore lafiya, ja haɗari" ga irin wannan mutum ba ta ce komai ba. Shuɗi da ruwan goro sun fi aminci. Idan wani a ajinku yana yawan ɗaukar jan fensir a maimakon kore, kada a yi masa dariya. A gaya wa malami.

Inda aka yanka

Nan ne gizo yake saƙa, don haka za mu ɗan jima. Kafin a shafa launi sai an kasa alƙaluma aji-aji, kuma wurin da aka yanka yana iya sauya labarin gaba ɗaya ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba.

Mu ɗauki misali. Waɗannan lambobi mu muka tsara su domin darasi, ba awon wani gari ba ne. Mu ce ƙauyuka 12 suna da ma'aunin ruwan sama, kuma a ƙarshen damina an samu milimita kamar haka: 520, 535, 550, 560, 575, 590, 600, 615, 640, 670, 710, 920. Muna son launi huɗu.

Hanya ta farko, tazara ɗaya. Daga 520 zuwa 920 akwai 400, a raba huɗu, kowane aji ya samu 100. Ajin farko, 520 zuwa ƙasa da 620, ya kwashe ƙauyuka 8. Na biyu ya samu 3. Na uku babu kowa a ciki. Na huɗu ƙauye ɗaya tal, mai 920. Taswirar za ta fito kusan duk launi ɗaya mai haske, da ɗigo ɗaya mai duhu. Labarinta: ko'ina ruwa ya yi ƙaranci, in ban da wuri guda.

Hanya ta biyu, adadi ɗaya. A jera su, a ba kowane aji ƙauyuka uku-uku. Yanzu taswira ta yi kyau, kowane launi ya samu rabonsa. Amma ku duba abin da ya faru. Ƙauye mai 550 da mai 560, da milimita 10 kacal a tsakaninsu, sun samu launi daban-daban. Mai 670 da mai 920, da tazarar 250, suna sanye da riga iri ɗaya. Kuma da wannan hanya dole kashi ɗaya cikin huɗu ya fito a "mafi ƙaranci" ko da shekarar ta yi albarka ko'ina.

Hanya ta uku ita ce a bar manhaja ta nemo giɓin da ke cikin alƙaluman da kanta ta yanka a nan. George Jenks na Jami'ar Kansas ne ya shahara da ita, shi ya sa za ku ga sunansa a manhaja. A misalinmu za ta ware mai 920 shi kaɗai, ta kasa sauran gida uku. Tana da amfani idan taswira ɗaya ce, amma iyakokinta suna sauyawa da zarar alƙaluma sun sauya.

Wacce ce gaskiya? Duka ukun ba su yi ƙarya ba. Amma idan manomi za a yi wa taswirar, mu mun fi son hanya ta huɗu: a yanka a inda yake da ma'ana a gona. Gero ya fi dawa jure ƙarancin ruwa, dawa ta fi masara. A tambayi malamin gona ko malaminmu na aikin gona adadin da kowanne yake buƙata a irin ƙasarmu, a sa iyakokin a nan da hannu. Sai launi ya amsa tambayar da mutum ya zo da ita: me zan shuka?

Daga nan wata doka ta fito da ba ma son kowa ya manta. Idan za a jera taswira biyu a gwada, ta bana da ta bara, dole mabuɗinsu ya zama ɗaya. Manhaja in aka ƙyale ta takan ba lamba mafi ƙanƙanta launi mafi haske, mafi girma kuma mafi duhu, a kowace taswira daban. Da haka sai shekarar fari irin ta 1984 ta fito da shuɗi mai duhu kamar shekarar da aka yi ambaliya, domin ko a shekarar fari akwai wurin da ya fi sauran samu.

A taƙaice kuma, a kula da girman fili. A cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, Dala da Fagge da Gwale da Tarauni 'yan mitsi-mitsi ne a taswira amma cike da jama'a, Doguwa da Tudun Wada da Sumaila kuwa faɗi gare su. Ido yana bin faɗi. Idan abin da ake nunawa ya shafi mutane, a shafa launi bisa kashi cikin ɗari ko bisa kowane mutum dubu, kada a yi bisa jimilla.

Taswirar da launinta ba ya sauyawa

Akwai wata taswira da ta shafe mu kai tsaye, wadda aka ɗaure launukanta da gangan. Bayan farin da ya addabi Sahel, ƙasashen yankin sun kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai a 1974. Ƙarƙashinsu ake gudanar da tsarin Cadre Harmonisé, mai auna halin abinci a Afirka ta Yamma, kuma Kano tana cikin jihohin Najeriya da ake aunawa. Matakansa biyar ne: kore mai haske inda babu matsala sosai, rawaya inda ake cikin matsi, ruwan goro inda hali ya tsananta, ja halin gaggawa, ja mai duhu sosai kuma yunwa mai kisa. Ko a Maraɗi ko a Katsina, bana ko baɗi, ruwan goro abu ɗaya yake nufi. Da wannan taswira gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suke duba inda za su fara kai ɗauki.

To amma ga abin da launin ba ya faɗa sai an karanta ƙa'idar. Ana ba yanki launin wani mataki ne idan aƙalla kashi 20 cikin 100 na mutanensa suna wannan mataki ko wanda ya fi shi muni. Yankin da ya fito ruwan goro, yana yiwuwa mafi yawan gidajensa ba su kai wannan hali ba. Yankin da ya fito rawaya kuma yana iya ƙunsar dubban gidaje da rumbunsu ya ƙare tun kafin Agusta, sai dai ba su cika kashi 20 ba. Wurin da ba a auna ba kuwa ba a ba shi ko ɗaya daga cikin launukan biyar. Rashin launi ba shaidar lafiya ba ne.

A gaban kwamfuta

Ga wanda ya samu damar zama a gaban kwamfuta, manhajar da muke ba da shawara ita ce QGIS. Kyauta ce, Gary Sherman ya fara ta a 2002, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba. Rubutun da ke kanta na Turanci ne, don haka za mu kira maɓallan da sunan da za ku gani.

Bayan an ɗora taswirar yankunan da teburin alƙalumansu, a danna sunan taswirar sau biyu, a shiga Symbology. A sama a sauya Single Symbol zuwa Graduated. A gurbin Value a zaɓi layin teburin da ke ɗauke da milimitar ruwa. Color ramp shi ne tsanin launi: akwai Blues mai launi ɗaya, akwai Viridis, kuma Invert Color Ramp yana juya tsanin idan duhu ya faɗa a gefen da ba a so. A ƙarƙashin Mode hanyoyin yankan nan uku suke: Equal Interval, Equal Count, da Natural Breaks. A sa yawan aji huɗu ko biyar, a danna Classify. Don hanya ta huɗu, a danna lambobin kowane aji sau biyu a rubuta iyakar da ake so. Kafin a buga, a je View, a shiga Preview Mode; a nan manhajar za ta nuna yadda taswirar za ta fito a baƙi da fari, da yadda mai matsalar ja da kore zai gan ta. Minti ɗaya ne, kada a tsallake shi.

Wanda Excel kawai yake da shi, Color Scales da ke ƙarƙashin Conditional Formatting yana shafa wa teburi launi. Zaɓinsa na farko kore da rawaya da ja ne, wato daidai abin da muka ce a guje wa. A shiga More Rules a zaɓi launi biyu, a rubuta lambar ƙasa da ta sama da hannu.

Saura mabuɗin kansa. A QGIS ana sa shi ne a Print Layout ta hanyar Add Legend, kuma sai an cire alamar Auto update kafin a iya gyara shi. Abin da manhaja take rubutawa da kanta ba na mutane ba ne: sunan fayil a matsayin kai, da lambobi masu jelar sifili kamar 520.0000. A goge, a rubuta kai mai faɗin abin da aka auna, da ma'auninsa, da lokacinsa, kamar "Ruwan sama, milimita, Mayu zuwa Oktoba", a ƙara shekarar. Iyakoki kada su hau juna: idan aji ɗaya ya ƙare a 600 na gaba kuma ya fara a 600, ƙauye mai 600 ina zai shiga? A rubuta 500–599, sannan 600–699. Wurin da ba a samu awo ba a ba shi ruwan toka, a rubuta "babu awo" a mabuɗi, domin rashin awo daban, sifili daban. A ƙasa a faɗi inda aka samo alƙaluman da ranar da aka yi taswirar. Kuma babu dokar da ta hana a rubuta mabuɗi da Hausa, ko ma da ajami idan masu karatun sun fi sabawa da shi.

Idan aka turo muku taswira a waya aka yanke mabuɗinta, ko babu shekara a jiki, ku ce wa mai tambaya ba za ta karantu ba sai an samo cikakkiyarta. Taswirorin hasashe na shekarun baya sukan dawo suna yawo kamar sababbi, kuma a cikin littafin hasashe ɗaya ma taswirar saukar ruwa da ta yawan ruwa kowacce da mabuɗinta.

Aikin wannan mako

Ba a buƙatar kwamfuta. Ku zana akwatuna 12 a takarda, layi uku na huɗu-huɗu, ku rubuta lambobin misalin nan a ciki yadda kuka ga dama. Ku yi kwafi biyu. Ku shafe na farko bisa tazara ɗaya, na biyu bisa adadi ɗaya, da fensir mai launi guda, kuna ƙara danna shi don samun duhu. Ko fensirin rubutu ma ya isa. Kowanne ku yi masa cikakken mabuɗi. Sannan ku rufe lambobin, ku nuna wa wani a gida wanda bai karanta wannan darasi ba, ku tambaye shi a wace takarda aka fi samun ruwa, ku rubuta amsarsa a baya. A miƙa wa kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Uku da suka fi tsabta za mu liƙa su a nan, a ɓangaren da rana ba ta bugu, don jan maka da rawaya ba sa jure hasken wannan bango.